Immature

Immature kalma ce ta Turanci da ake siffanta duk abin da bai kai ga cikar girmansa ba, mutum ne ko dabba ko tsiro. A maganar yau da kullum an fi jifan babban mutum da ita idan yana nuna halin yara. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara duk ma'anoninta, don haka fassararta ta danganta da abin da ake magana a kai.

Asali

Kalmar ta samo asali daga Latin, daga immaturus, wato abin da bai nuna ba. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, kuma da farko har mutuwar da ta zo wa mutum da ƙuruciyarsa ana siffantawa da ita. Kishiyarta ita ce mature, sunan da aka samo daga gare ta kuwa immaturity.

A harkar noma

Ɗalibai kan ci karo da kalmar a darasin aikin gona da na kimiyyar halittu, inda ba ta ɗauke da zargi ko kaɗan. A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, kamar na Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunchi, inda gonaki ke manne da juna kuma ake noma su kowace shekara, manomi na da kalmominsa. Yakan ce gero ko dawa ko gyaɗa ba su ƙosa ba, mangwaro da tumatir kuwa ba su nuna ba, ko kuma ɗanyu ne.

Gane wannan mataki yana da muhimmanci ga cimakar gida. Gero kan ƙosa wajen Agusta zuwa Satumba, dawa kuma sai wajen Nuwamba. Hatsin da aka girbe bai ƙosa ba ba ya auki, kuma yakan lalace a rumbu saboda damshi. Gyaɗar da aka cire da wuri ƙwayarta kan yamushe, manta ya yi kaɗan, ta kuma fi saurin kama rima. Duk da haka akan karyo sabon gero a gasa a ci, shi ne ake kira tumu.

A kan mutum

Idan ana maganar jiki, ma'anarta ita ce rashin balaga. Wannan daban yake da jaririn da aka haifa kafin lokacinsa, wanda Hausawa ke kira bakwaini, Turawa kuma su ce premature. Ɗalibai da yawa kan rikita kalmomin biyu. Haka nan a shari'a an fi amfani da kalmar minor. Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta shekarar 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro.

Idan kuwa hali ake nufi, fassarar da ta fi dacewa ita ce yarinta ko ƙuruciya ko rashin hankali. Alamominsa sun haɗa da saurin fushi, da ƙin ɗaukar nauyi, da ɗora wa wasu laifi, da yanke hukunci ba tare da duba abin da zai biyo baya ba. Misali, magidancin da ya sayar da hatsinsa kaf da kaka ya kashe kuɗin a biki, sannan ya shiga neman rance da damina, za a ce ya yi yarinta komai yawan shekarunsa.

A nan Hausa da Turanci sun yi tarayya wajen aro hoton daga tsiro. Ana cewa wane ya yi ɗanyen aiki, ko yana da ɗanyen kai. Karin magana ma ta ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ta yaro kyau take ba ta ƙarko.

Ladabin amfani

Faɗa wa baligi cewa shi immature ne suka ce, ba bayani ba. Tsakanin abokai tana iya wucewa da raha, amma ga na gaba, kamar uba ko malami ko mai gari, rashin ɗa'a ce. A rubutun makaranta da na ofis, ya fi kyau a ambaci aikin da mutum ya yi a maimakon a laƙaba masa kalmar.