Wayar Salula da Aikin Agaji: Darasi daga Girgizar Ƙasar Haiti

A ranar 12 ga watan Janairu na shekarar 2010, girgizar ƙasa mai ƙarfin awo 7.0 ta afka wa ƙasar Haiti da ke yankin Karibiyan, ta rugurguza babban birninta, Port-au-Prince. Kafin a kwana biyu, ƙungiyar agaji ta Red Cross reshen Amurka ta yi shela cewa duk mai son taimakawa ya rubuta kalmar HAITI a wayarsa, ya aika zuwa lamba 90999, da haka ya ba da gudummawar dala 10. Ta wannan hanya kaɗai ƙungiyar ta tara fiye da dala miliyan 30.

To, ta yaya kalma guda ke zama kuɗi? Lambar nan mai alƙaluma biyar ba ta wani mutum ba ce. Gajeriyar lamba ce wadda kamfanonin waya suka amince su riƙa tura saƙonninta zuwa wata kwamfuta. Idan saƙo ya isa, kwamfutar takan nemi mai wayar ya tabbatar da niyyarsa, sa'an nan kamfanin ya ƙara dala goman a kan kuɗin wayar da zai biya a ƙarshen wata, domin galibin Amurkawa ba kati suke sakawa ba. Babu zuwa banki, babu cike takarda. Wannan sauƙi ne ya jawo matasa, waɗanda da ma yatsunsu sun saba da tura saƙo, alhali ba su saba da aika cek ta gidan waya kamar iyayensu ba.

Sai dai sauƙin yana da nasa cikas. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a shekarar 2012 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na masu bayarwar sun aika kuɗin ne a ranar da suka ji shelar, amma fiye da rabinsu ba su ci gaba da bibiyar aikin sake gina ƙasar sosai ba. Tausayi ne ya motsa, hannu ya bi, aka wuce. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗi daga miliyoyin mutanen da ba su waiwaya ba kuwa, ba ta da mai tsare ta da tambaya.

Aiki na biyu da waya ta yi a Haiti ya fi wannan ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya. Bayan bala'i, layukan waya kan cushe, kira ya ƙi shiga. Saƙon tes kuwa, wanda bai wuce haruffa 160 ba, ɗan ƙaramin wuri yake buƙata, kuma idan hanya ta toshe, cibiyar saƙonni takan adana shi har ta sami damar isar da shi. Saboda haka aka buɗe lamba 4636 kyauta a kan layin kamfanin Digicel, gidajen rediyo suka sanar da jama'a su aiko da bukatunsu da inda suke.

Nan fa aka gamu da matsalar harshe. Saƙonnin da harshen Kiriyol suke zuwa, yawancin ma'aikatan ceto da suka zo daga waje kuwa ba sa jin sa. 'Yan Haiti mazauna ƙasashen waje suka sa kai ta intanet, suna fassara kowane saƙo zuwa Ingilishi, suna kuma gano unguwar da aka ambata, abin da baƙo ba zai iya ba. Ɗaliban Jami'ar Tufts da ke kusa da birnin Boston su kuma suka duƙufa dare da rana suna ɗora rahotanni a kan taswira, da wata manhaja mai suna Ushahidi. Kalmar ta Suwahili ce, ma'anarta shaida, kuma matasan Kenya ne suka ƙirƙiro manhajar a 2008 don tattara rahotannin rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙasarsu. Dubun dubatar saƙonni aka tace ta haka. Waɗannan matasa ba kuɗi suka bayar ba, harshensu da sanin garinsu da lokacinsu suka bayar.

Tun daga wancan lokaci ƙungiyoyi suka ƙara mai da hankali ga neman ra'ayin matasa, ba aljihunsu kaɗai ba. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙaddamar da shirin U-Report a Uganda a 2011, ya kawo shi Nijeriya a 2014. Ana tura wa matasan da suka yi rajista tambayoyi ta saƙon tes kyauta, kan lafiya ko ilimi ko tsabtar ruwa, kwamfuta ta tattara amsoshin jiha-jiha, a miƙa sakamakon ga hukumomi.