Zaren kabon: Sirrin man da ake shafa wa zare kafin a kai shi wuta

Matafiyin da ya baro Sakkwato ya nufi Bodinga da Shagari zai wuce filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, inda maniyyata ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki. Zai kuma haɗu da direbobin da zancen komawa iskar gas ta CNG bai bar bakinsu ba tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Jirgin sama na zamani da tukunyar gas marar nauyi abu guda ya haɗa su, wato zaren kabon, wanda ya fi ƙarfe ƙarfi idan aka kwatanta su a nauyi ɗaya. Kusan rabin nauyin gangar jirgin Boeing 787 daga haɗin irin wannan zare ne. Amma ingancinsa ya rataya ne a kan wani ɗan mai da ido ba ya gani.

Hikimar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masaƙa sun daɗe da sanin cewa zaren audugar da aka kaɗa da mazari yana bukatar sitaci kafin ya hau masaƙa, domin gashinsa ya kwanta, ya kuma jure gugar allera da kai-komon ƙoshiya. Masana'antun Japan da Amurka da Sin ma kariya suke yi wa zarensu, sai dai su wuta suke tsoro.

Ƙona zare don samun kabon tsohuwar dabara ce: a 1879 Thomas Edison ya ƙona zaren auduga ya sa shi a ƙwan lantarki. A 1959 Akio Shindo ya nuna a birnin Osaka cewa zaren roba da ake kira PAN ya fi dacewa da aikin, kuma kamfanin Toray ya fara sayar da shi a 1971. A yau kusan kashi 90 cikin 100 na zaren kabon daga PAN ake yin sa, ɗan'uwan zaren ulun roba da mata ke saƙa huluna da rigunan sanyi da shi.

Silin zaren kabon guda ya kai kusan kashi 7 cikin 1,000 na milimita a kauri, wato ya fi gashin mutum siranta kamar sau goma. Ana haɗa sili 3,000 ko 12,000 ko 24,000 a dami ɗaya. Da farko ana gasa damin PAN a iska, a zafin digiri 200 zuwa 300 na ma'aunin Salshiyas, har ya rikiɗe daga fari zuwa baƙi. Daga nan a shigar da shi tanda mai zafin da ya haura digiri 1,000, cike da iskar naitirojin don kada ya kama da wuta. Kusan rabin nauyinsa ke tafiya, kabon ya saura.

Haɗarin yana gashin farko. Zaren da kansa yana fitar da zafi a lokacin, kuma silin da suka yi laushi sukan manne da juna. Duk inda biyu suka manne tabo ya samu, zare kuwa daga tabo yake tsinkewa. Shi ya sa tun wajen kaɗi ake shafa masa mai, wanda yawansa yake kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin zaren. Galibi man silikon ne da aka gyara da sinadarin amino domin ya kama jikin zaren ya shimfiɗu daidai. Aikinsa uku: ya raba sili da sili, ya rage guga a kan na'urori, ya kuma riƙe damin kada ya watse.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Zafi yana mai da silikon ƙura irin ta yashi, wadda ke taruwa a tanda har a tsayar da aiki don shara, wani kuma ya zama danƙo a jikin na'ura ya riƙa cizge zaren. Idan man ya yi kaɗan zare ya manne, idan ya yi yawa ya bar datti. Saboda haka kamfanoni ke neman haɗin da silikon ɗinsa bai da yawa, kuma kowanne yana ɓoye nasa haɗin. Bayan ƙuna akwai shafe na biyu, yawanci na ifoksi, wanda ke sa zaren ya kama ƙaron da za a zuba masa.

Darasin ga ɗan kasuwa da ma'aikaci shi ne, ido ba ya tantance ingancin zaren kabon. Wasu kayan adon mota da murfin waya da ake sayarwa da wannan suna leda ce kawai mai zanen saƙa. Ta fuskar tukunyar CNG kuwa, wadda ke ɗaukar matsin da ya kai ba 200, rai ne a ciki. Ko ta ƙarfe ce ko mai naɗin zaren kabon, wajibi ne mai saye ya duba sunan masana'anta, da ranar ƙira, da ranar ƙarewar wa'adi, da shaidar cika ƙa'idar hukumar SON. Tukunyar da naɗinta ya yanke ko ya ƙone, ƙwararre kaɗai ke iya cewa ta ci gaba da aiki. Direban da ke jigila tsakanin Shagari da Sakkwato gara ya biya kuɗin tukunya mai takarda da ya sayi araha wadda ba a san asalinta ba.