Garin Artemiya a Abincin Kajin Nama: Me Lissafi Ya Nuna?

Artemiya wani ƙaramin jatan lande ne da tsawonsa ya kai kimanin santimita 1, yana rayuwa a tafkunan da gishirinsu ya fi ƙarfin kifi. Ruwan teku na da gishiri giram 35 a kowace lita, ita kuwa wannan halitta tana jure fiye da giram 200. Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka da Tafkin Urmiya na Iran su ne fitattun gidajenta.

Abin da ya jawo hankalin masu kaji gare ta shi ne furotin. Busasshiyar Artemiya na ɗauke da furotin kimanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Tunkuzar waken soya na da kashi 44 zuwa 48, garin kifi mai kyau kuma ya haura 60. Ke nan tana tsakanin biyun. Abincin 'yan tsakin nama yana buƙatar furotin kashi 21 zuwa 23, na manya 18 zuwa 20, kuma abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo. Masu bincike a Iran sun gwada maye gurbin garin kifi da na Artemiya mataki-mataki, kajin kuma suka girma ba tare da wani babban bambanci ba.

Sai dai alƙaluman furotin na busasshen gari ne. Ɗanyar Artemiya kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, sai an busar da kilo 10 kafin a samu kilo 1.

Mu ɗauki tan guda na abinci mai garin kifi kashi 5 cikin 100, wato kilo 50. Idan furotin ɗinsa kashi 65 ne, ya ba da kilo 32.5. Samun wannan daga Artemiya mai kashi 55 na buƙatar gari kilo 59, wato ɗanya kilo 590. Kaza ɗaya takan ci abinci kimanin kilo 4 kafin ta isa yanka a mako 6, don haka kaji 1,000 za su ci tan 4, su lashe ɗanyar Artemiya tan 2.4. A ganina nan ne maganar ta yi nauyi: kuɗin kamawa, wankewa da busarwa duk suna kan wannan ruwa da za a zubar.

Ga kuma gishiri. Abincin kaji ba ya son gishirin da ya wuce kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Idan ya yi yawa, kaji su yi ta shan ruwa, kashi ya yi ruwa-ruwa, shimfiɗa ta jiƙe, ƙafafu su yi gyambo. Garin Artemiyar da ba a wanke ta sosai ba, zai iya cike wannan gurbin gishirin shi kaɗai.

Kaza ma ba ita kaɗai ce a layi ba. Masu ƙyanƙyasar kifi da jatan lande a duniya sun dogara da ƙwan Artemiya, har da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Najeriya, waɗanda ke sayensa a gwangwani da tsada daga waje. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwan daga Tafkin Gishiri na Yuta yake fitowa, tafkin da ruwansa ya sauka ƙasa fiye da kowane lokaci a tarihin awonsa a 2022. Na Urmiya kuwa ya ƙafe sosai, gishirinsa ya haura giram 300 a lita, Artemiyarsa ta ragu ƙwarai.