Zongo: sabunta tsofaffin bututan ruwa ba tare da tone titi ba

Wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Yamai da sassafe, kafin a buɗe shaguna, wani lokaci yakan tarar da ruwa kwance a gefen hanya alhali sama ba ta zubar ba. Ruwan nan daga kogin Isa aka jawo shi, aka tace shi a Gudel ko Yantala, aka kashe masa kuɗin magani da na lantarki, sa'an nan ya tsiyaye kafin ya kai fanfon kowa.

Zongo, unguwar fatake da baƙi, tana cikin tsofaffin unguwannin birnin, wanda ya zama fadar ƙasa a 1926. Sha'anin ruwan birnin ya bi ta hannuwa da dama: NIGELEC har 1987, sai SNE, sai SEEN daga 2001, sai kuma NDE tun 2024, yayin da SPEN ke riƙe da kayan aikin da sunan gwamnati. Sunaye suna sakewa, bututun da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa yana ta tsufa.

Tsufan nan iri-iri ne. Bututun ƙarfe yakan yi tsatsa har cikinsa ya ƙuntata, ruwa ya rasa ƙarfi. Na siminti yakan tsage saboda nauyin manyan motoci. Mafi muni, in aka ɗauke ruwa, ƙazantar lambatu tana iya kutsawa ta tsagar, ta biyo ruwan zuwa randunan gidaje.

Maganin da aka saba shi ne haƙa rami tsawon titi. A wuri mai cunkoso irin Zongo, wannan na nufin fasa kwalta, toshe ƙofar shago, da ciniki ya tsaya kwana da kwanaki. Ɗan kasuwa ya yi hasara, hukuma kuma ta biya kuɗin gyaran hanya.

To, akwai dabarun da ke rage wannan wahala. Da farko ma'aikata sukan bi layi da dare, sa'ad da gari ya yi tsit, suna sauraron ƙarar yoyo da na'ura, domin a san inda ciwon yake. Daga nan sai a zaɓi magani. Ana iya zura sabon bututun roba cikin tsohon, sai dai hanyar ruwan takan ragu. Ana iya cusa tiyo na yadi da aka jiƙa da wani irin danƙo, a hura shi ya manne, a gasa shi da ruwan zafi har ya sandare. Injiniya Eric Wood ne ya fara wannan a Landan a 1971, cikin magudanar ƙazanta, daga baya aka kai shi ga ruwan sha. Ta uku, wadda ta samo asali a Ingila wajen 1980, ita ce a ja kan ƙarfe ta cikin tsohon bututun yana farfasa shi, yana janye da sabo a baya. Rami biyu sun isa, kuma sabon yana iya fin tsohon faɗi, abin da unguwa mai yawan jama'a ke bukata.

Amma dabarun ba tsafi ba ne. Kowane reshe mai shiga gida sai an tone masa ɗan rami. Injunan suna da tsada, suna kuma son ƙwararru. Sannan dole a sami taswira sahihiya ta abin da ke binne, don kada a gyara ruwa a yanke wayar lantarki.

An faɗaɗa tashar Gudel, kuma abin yabo ne. Sai dai ƙara tace ruwa ana tura shi cikin bututu mai yoyo, ɗiban ruwa ne da kwando. Lissafin da ya kamata mahukunta su yi ya haɗa har da kwanakin da shagunan Zongo za su yi a rufe.