Idan koci ya fi 'yan wasa zafin kai: yadda ake kora a ƙwallon kwandon makarantun Amurka

Akwai wani tsohon bidiyo da har yau bai daina yawo a intanet ba. Ranar 23 ga Fabrairun 1985, Jami'ar Indiana ta karɓi baƙuncin Jami'ar Purdue a wasan ƙwallon kwando a garin Bloomington na Amurka. Kimanin minti biyar da fara wasa, kocin Indiana, Bob Knight, ya harzuƙa kan wani hukunci, alƙali ya kama shi da laifin rashin ɗa'a. Ɗan wasan Purdue ya tsaya zai yi jifan da aka ba su, sai ga kujera ta taho tana sulɓi a kan fili, ta gifta ta gabansa. Knight ne ya wurgo ta. Aka kore shi, daga baya kuma aka dakatar da shi wasa ɗaya. Mutumin nan sau uku yana cin kofin jami'o'in Amurka, ya rasu a 2023, amma yawancin masu tura bidiyon kujerar kawai suka sani.

Irin wannan ba ta da wuyar hukunci. Ko ɗan firamare ka miƙa wa usur ya san abin da zai yi da mai jifa da kujera. Mai wuyar ita ce wadda ba ta zama bidiyo: kocin wata makarantar sakandare da tun daga fara wasa yake ƙorafi, yana ɗaga hannu sama, yana bin alƙali da baƙar magana ƙasa-ƙasa, ga yara 'yan shekara 15 zaune a benci suna kallonsa. Bai yi zagi ba, bai jefi kowa ba. To a wace gaɓa za a ce ya isa?

Dokokin da yawancin makarantun sakandaren Amurka ke bi, wata ƙungiya ce mai suna NFHS ke rubuta su, hedikwatarta na birnin Indianapolis. A wurinta filin wasa wani aji ne daga cikin azuzuwan makaranta, koci kuma malami ne. Shi ya sa abin da za a kawar wa kocin NBA kai a kansa, ba lallai a kawar wa na sakandare ba. Tun kafin a fara wasa, alƙali kan tara manyan kociyoyin biyu da kyaftin-kyaftin, ya tunatar da su cewa ana sa ran ɗa'a daga kowa.

Ga waɗanda suka saba da ƙwallon ƙafa: nan babu katin gargaɗi, babu jan kati. Alƙali zai busa usur ne, ya haɗa tafukan hannunsa su yi siffar harafin T. Shi ne tekinikal, wato laifin da ba na turereniya ko bugun hannu ba, na hali ne. A dokar NFHS farashinsa da tsada. Abokan hamayya za su samu jifa biyu na kyauta, babu mai tsare su, sannan a ba su ƙwallo daga tsakiyar fili. Idan suka ci biyun, suka kuma zura ta nesa mai maki uku, bakin koci ya jawo wa yaransa asarar maki biyar cikin daƙiƙoƙi. A wasan da zangonsa huɗu ne, kowanne minti takwas, maki biyar ba abin wasa ba ne.

Amma kafin a kai ga T ɗin akwai doguwar hanya, kuma a ganina nan ake gane gwanin alƙali.

Abu na farko da ake koya musu shi ne rarrabe tambaya da ƙorafi. Idan koci ya ce, "Me ɗan wasana mai lamba 12 ya yi?", wannan tambaya ce, tana da haƙƙin amsa, gajeriya, a lokacin da ƙwallo ta tsaya: "Ƙafarsa ba ta tsaya ba kafin su haɗu." Shi ke nan, a wuce. Idan kuwa cewa ya yi, "Haba! Wannan ai ba laifi ba ne!", babu abin amsawa. Alƙali na iya gyaɗa kai, ko ya ce ya ji, ya ci gaba da gudunsa. Sabon alƙali ne ke tsayawa yi wa kowane ihu bayani, kuma kafin a je hutun rabin lokaci ya zama abokin musun koci. Wanda ya daɗe a harkar ma bai jin nauyin cewa, "Wataƙila ta kuɓuce min." Sau da yawa wannan ta fi dogon bayani kashe wutar rigima.

Na biyu, kalma ɗaya ce: "kai". Koci ya ce "hukuncin nan bai yi ba", yana magana ne kan wasa. Ya ce "kai ba ka iya ba", ya koma kan mutum. Mu Hausawa mun san wannan bambancin sarai. Ka ce miya ta yi gishiri daban, ka ce mai girkin ba ta iya girki ba daban. Da zarar magana ta koma kan mutum, ko aka saka ashar, ko aka faɗe ta da ƙarfin da duk ɗakin wasan ya ji, ko aka yi ta nanata abu ɗaya ba ƙaƙƙautawa, an shiga yankin T. Akwai kuma wadda alƙalai ba sa jira a kanta: zargin maguɗi. Koci ya ce "nawa suka ba ka?", ba sai ya ɗaga murya ba. Har ƙirga laifuka da wasu ke yi, "bakwai gare mu, ɗaya gare su", alƙalai da dama na jin sa a matsayin zargin son kai ne aka lulluɓe da lissafi.

Jiki ma yana magana. Koci ya doka ƙafa, ya yi wurgi da allon zanensa, ya juya ga 'yan kallo yana ware hannu don su taya shi ihu, duk dokar ta hana, ko da bai furta komai ba. Tunzura 'yan kallo ma ya fi zagi haɗari, don shi ke mayar da ɗakin wasa wani abu daban.

Idan ƙorafi ya yi yawa amma bai kai ga laifi ba, alƙali kan ɗaga tafin hannu kamar ɗan sandan hanya, ya ce ya isa haka. Amfanin ɗaga hannun shi ne kowa ya gani, kyamara ma ta ɗauka, ba za a zo daga baya a ce ba a yi gargaɗi ba. A kakar 2017 zuwa 2018 NFHS ta mayar da gargaɗin na hukuma: alƙali zai iya tsayar da wasa, ya je teburin masu rubuta maki, a rubuta a littafi cewa an gargaɗi koci wane a minti kaza. Babu jifan kyauta, babu asara. Sai dai ba dole ba ne a bi ta wannan matakin. Idan laifin babba ne, kai tsaye ake zuwa T.

To T ta farko ta faɗo. Me ke biyo baya? A nan dokar makarantu ta zo da wata dabara da ta burge ni. Koci yana da wani yanki a gaban bencinsa da aka yarje masa ya tsaya yana kai-komo, tsawonsa na iya kai ƙafa 28, wajen mita takwas da rabi. Daga T ta farko, ya rasa wannan damar. Zama zai yi har a tashi wasa. Alƙalai kan ce an ɗaura masa bel, irin na mota. Zai iya miƙewa ya nemi hutun shawara, ko ya yi murnar wata bajintar yaransa ya koma ya zauna, amma zaryar nan ta gefen fili ta ƙare. Duk wanda ya san koci ya san hana shi tsayuwa ba ƙaramin horo ba ne.

Kuma ba sai shi ya yi laifin ba. Babban koci ne ke ɗauke da alhakin duk wanda ke bencinsa. Mataimakinsa ya yi zagi, ko ɗan wasan da ke zaune ya faɗa wa alƙali magana, za a rubuta wa mai laifin, a kuma rataya wa babban koci a kaikaice, ya rasa tsayuwarsa. Abin dariyar ma, idan yaro ya yi tsalle ya cusa ƙwallo a kwando da hannu, wato dank, lokacin motsa jiki kafin wasa, a idon alƙalai, laifi ne a littafin NFHS. A da, sai ka ga koci ya fara wasa a zaune saboda ɗalibinsa ya so ya burge 'yan kallo.

Lissafin kora kuwa a bayyane yake. T biyu na koci shi da kansa, ya fita. Uku idan aka haɗa nasa da na kaikaice, ya fita. Guda ɗaya mai muni, kamar dambe ko mummunan cin mutunci, ya fita nan take.

Tsakanin ta farko da ta biyu ne aka fi ɓata abu, don a lokacin jinin kowa ya hau. Saboda haka ake horar da alƙalai cewa wanda ya busa T ya je ya sanar a tebur, ya bar wajen. Kada ya tsaya yana zare ido, kada ya nemi maganarsa ta zama ta ƙarshe. Abokin aikinsa, don biyu ne ko uku a fili, shi zai matso ya tunatar da koci cewa yanzu zama ya kama shi. Da yawa ma sun fi son idan ta biyu za ta zo, ta fito daga usur ɗin wani alƙalin, don kada abin ya zama kamar faɗan mutum biyu.

Kocin da aka kora ba komawa cikin 'yan kallo zai yi ba. Zai bar wurin ne gaba ɗaya, inda ba ya ganin fili, ba a jin muryarsa, kuma babu aiko da saƙo ta waya ko ta bakin wani. Ya ƙi tafiya, alƙali na da ikon tashin wasan ya ba abokan hamayya nasara. Ɗalibi kuwa idan aka kore shi, a benci zai zauna, don ba za a tura yaro ɗakin sauya kaya shi kaɗai ba tare da mai kula da shi ba. Wannan tunanin ne ya sa a jihohi da dama, idan aka kori koci kuma babu wani babban ma'aikacin makarantar da zai karɓi ragamar yaran, wasa ya ƙare ke nan. Yara sun yi atisaye mako guda, sun hau bas sun zo, sun koma gida da rashin nasara saboda bakin malaminsu.

Bayan wasa sai rahoto. Alƙali zai rubuta wa hukumar wasannin makarantu ta jihar abin da ya faru, da ainihin kalmomin da aka furta, ashar ɗin ma yadda take, ba "ya yi maganar da ba ta dace ba". Kowace jiha da nata ƙarin hukuncin. A Ohio, alal misali, kocin da aka kora zai rasa wasanni biyu na gaba, ya biya tarar dala 100, ya kuma yi wani kwas na intanet kan nuna hali na gari.

Ba wai alƙalai waliyyai ba ne fa. A Afrilun 2007, a gasar NBA, alƙali Joey Crawford ya kori Tim Duncan na San Antonio Spurs yana zaune a benci yana dariya. Hukumar gasar ta ci Duncan tarar dala 25,000, amma Crawford ta dakatar da shi har ƙarshen kakar. Alƙalin da ke yawo da kunne a buɗe yana neman wanda zai taɓa shi, shi ma matsala ne.

Sai dai a makarantu na fi ganin haɗarin ta ɗaya ɓangaren: alƙalin da ke haɗiye komai. A wasu jihohin kociyoyi na cikin masu ba alƙalai maki, makin kuma na tasiri wajen zaɓen waɗanda za su busa manyan wasannin ƙarshen kaka. Ka ga kuwa wanda zai ba ka maki gobe, da wuya ka nuna masa ƙofa yau. Matsalar ita ce abin da ka ƙyale ranar Talata, wani alƙalin ne zai gaje shi ranar Juma'a, wataƙila ma wata matashiya ce da ba ta fi wasa goma da fara busa ba. Yaran da ke benci kuma sun riga sun ɗauki darasi, 'yan kallo ma haka.

Ana kuwa ganin sakamakon. A 2022 NFHS ta ce kimanin alƙalai 50,000 ne suka bar busa wasannin sakandare, a duk nau'o'in wasanni, tun daga kakar 2018 zuwa 2019. Annobar korona ta taka rawa, amma shugabar ƙungiyar, Karissa Niehoff, ta sha nuna yatsa ga halayyar manya. A binciken da ƙungiyar alƙalan wasanni ta NASO ta yi a 2017, wanda sama da alƙalai 17,000 suka amsa, iyaye ne suka zo na ɗaya a masu jawo matsalar rashin ɗa'a, kociyoyi na biye. Yawancin alƙalan nan suna da aikinsu na rana, da yamma ne suke saka riga mai zane su zo. Idan suka gaji suka ajiye usur, sai a ɗage wasa ko a soke.

A nan Najeriya, inda ake da gasar Milo ta makarantun sakandare, dokar FIBA ce ginshiƙi, kuma ta ɗan bambanta. Tekinikal jifa ɗaya ne kacal, sannan wasa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Babu dokar tilasta zama. A takardar maki ana rubuta C idan laifin na koci ne shi da kansa, B idan na mutanen bencinsa ne. C biyu, ko B uku, ko C ɗaya da B biyu, koci ya nufi ɗakin sauya kaya ko ya fice daga ginin.