Yadda Sojojin Amurka Suka Zaɓi Ƙaramar Bindigarsu

A shekarar 2017 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓi ƙaramar bindigar kamfanin SIG Sauer, wadda ta sa wa suna M17, domin maye gurbin Beretta M9 da sojojinta ke ratayawa tun 1985. Abin da ya fi jan hankali shi ne tsarinta na sassa, wato ana iya cire ainihin injin harbin a saka shi cikin mariƙi babba ko ƙarami, gwargwadon tafin hannun soja, namiji ne ko mace. Tana cin harsashi 17 mai kaurin milimita 9, irin wanda ƙasashen NATO suka amince da shi, kuma ba kowane soja ne ke ɗaukarta ba, domin a fagen fama doguwar bindiga ce abin dogaro.