Mahaɗi a Nahawun Turanci, da Inda Bahaushe Ke Tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya karanta Ajrumiyya, littafin nahawun nan da Ibn Ajurrum, mutumin birnin Fas wanda ya rasu a shekarar 1323, ya wallafa, ba zai manta da babin da aka lissafa haruffan aɗafi guda 10 ba, irin su wawu da fa'u da summa, waɗanda aikinsu ƙulla kalma da kalma ne, ko zance da zance. Turawa ma suna da irin waɗannan haruffa, suna kiransu "conjunctions", lafazin da asalinsa daga Latin yake, ma'anarsa haɗa abu biyu wuri guda. Mu kuwa a nahawun Hausa mahaɗi muke cewa.

Malaman Turanci sun kasa su gida uku. Akwai guda 7 masu haɗa abubuwa biyu da darajarsu ɗaya, wato "and", "but", "or", "nor", "for", "so" da "yet". Akwai masu rataya ƙaramar jimla a jikin babba don bayyana dalili ko sharaɗi ko lokaci, kamar "because" da "if" da "when". Sannan akwai masu tafiya biyu-biyu tamkar tagwaye, irin su "either" da "or", ko "neither" da "nor". Haddace wannan rabo ba shi da wuya, kuma a nawa ra'ayin ba nan gizo ke saƙa ba.

Inda matsalar take shi ne, idan Bahaushe ya ɗauki alƙalami zai rubuta Turanci, galibi da Hausa yake tunani, alhali kuwa kowane harshe da tasa ƙa'ida. A wurinmu fasaha ce mutum ya ce, "Ko da yake ya gaji, amma bai huta ba," domin "ko da yake" da "amma" abokan tafiya ne, kunne ma har jiran na biyun yake yi da zarar ya ji na farkon. Turanci kuwa bai yarda da wannan ba ko kaɗan: muddin ka buɗe jimla da "although", to ka riga ka bayyana saɓanin, saboda haka kawo "but" bayansa kuskure ne, wajibi ne ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Na sha ganin wannan a takardun neman aiki na mutanen da iliminsu ba abin rainawa ba ne, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin gyaransa bai wuce darasin minti biyar ba, da an samu mai nuna musu asalinsa.

Haka nan kalmar "da", wadda muke haɗa suna da suna da ita, mu ce Audu da Bala, amma ba ma haɗa jimloli da ita. Cewa muke yi "ya ci ya sha ya tashi", zancen yana ƙulla kansa. Shi "and" dukkan ayyukan biyu yake yi, amma ɗalibinmu da ya saba da salon Hausa yakan jera jimlolin Turanci da waƙafi kaɗai, ba tare da mahaɗi ba, su kuwa masu gyaran jarrabawa su ja jan layi.

Mafi ban sha'awa ita ce kalmar "sai", wadda Allah ya yi wa yalwar ma'ana: "sai idan ka zo" sharaɗi ne, Bature ya ce "unless", "har sai ka zo" lokaci ne, ya ce "until". Wanda bai tsaya ya tantance wace "sai" yake nufi ba, lalle zai musanya su. Amma akwai inda harsunan biyu suka yi ittifaƙi, domin "since" tana nufin lokaci tana kuma nufin dalili, daidai da yadda "tun da" take a bakinmu.

Ina roƙon malaman makarantunmu, idan sun zo wannan babi, su fara rubuta jimlar Hausa a allo, su ajiye ta Turanci a ƙarƙashinta, su bar yara su gano bambancin da idonsu.